Sadisu da Faifan Baba

Yayana Sadisu shekararsa hamsin da uku a duniya, kuma in ka tambaye ni abin da ya yi da su, sai in ce maka ya zauna ne gaban wata tsohuwar kwamfuta yana gardama. Ni ce Maijidda, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya. Turare da hijabai nake sayar wa alhazai a unguwar Misfala, nan Makka. Ban yi karatu mai zurfi ba, amma ina gane sakarai in na gan shi, ko da kuwa nono ɗaya muka sha.

A unguwar Hindawiyya, nan cikin Makka, aka haife mu. Iyayenmu, Malam Hadi da Inna Iyatu, daga Haɗejiya suka taso, shekara goma suna hanya kafin su ga Makka. Su yi ƙodago a wannan gari, su tsinci auduga a wancan, in guzuri ya taru su hau bayan babbar mota su ƙara gaba. Shida Inna ta haifa kafin ni. Huɗu sun rasu suna ƙanana, ta farin, Baraka, an bar ta a hanya a ƙasar Sudan, na shidan kuwa shi ne wannan bawan Allah da nake ba ku labarinsa.

Yana da shago a unguwarmu, faɗinsa bai fi ƙofar ɗaki biyu ba. Rimot yake gyarawa, da risiba, da fanka, da duk wani tarkace mai waya a ciki. Hannunsa na da kyau, wannan ba zan hana shi ba. Amma ka kai masa fanka ranar Asabar, ka koma ranar Alhamis, za ka same ta inda ka ajiye ta, shi kuma ya ba ka baya yana latse-latse. Matarsa Hanan ta yi haƙurin shekara tara. Ɗaki biyu gare su, ɗaya mai mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ɗaya mai fanka. Sai ya sa injinansa a mai mukayyif, wai zafi yana lalata su, ita kuma ta kwanta a mai fanka, a zafin Makka. Ranar da ta tattara kayanta ni na riƙe mata jaka har bakin tasi.

Injin da ya haukata shi sunansa Sakhar. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan a wancan zamani ya san shi: allon rubutu ne mai kauri, a jona shi da talabijin, yana rubuta Larabci. Baba ya saya masa yana ɗan shekara goma sha bakwai don ya koyi lissafi. Yaran unguwa duk sun yi wasa da nasu, suka girma, suka yar. Sadisu bai yar ba. Yanzu guda biyar gare shi, duk daga haraj ya tsinto su, kasuwar tsofaffin kaya, kowanne da rigarsa ta leda.

To, akwai manhajar da ke tafiyar da faifan injin, su suna ce mata dos, kuma iri biyu ce: na ɗaya da na biyu. Kada ku yi mamakin yadda na sani. Shekara talatin da biyar ina jin karatun nan a kan tuwo, ko bango ne ni da na haddace. Na ɗaya duk abin da ka rubuta a faifai wuri ɗaya yake zube shi, kamar kayan miya a faranti. Na biyu yana barin ka yi jaka-jaka, ka sa kowane abu a tasa, amma yana buƙatar memori mai yawa, kuma a cikin wani ɗan akwati yake zuwa, kamar sabulu, da ake cusa wa injin ta sama. Katrij suke kiransa. Shi ke nan fa bambancin da ni na gane. A kan wannan yayana ya ƙarar da ƙuruciyarsa, yana rantsuwa na ɗaya ya fi, na biyu na malalata ne.

Abu ɗaya tak na kirki injin nan ya taɓa yi. A azumin shekarar 1990 idon Baba ya fara mutuwa, sai ya ce Sadisu ya zauna ya rubuta masa hanyar da suka biyo. Kullum bayan la'asar, kwana goma sha tara, Baba yana faɗa da Hausa, Sadisu yana bugawa da haruffan Larabci, kowane gari da nasa fayil. Ni ina gefe ina ji. Amma ranar da aka zo garin da aka bar Baraka, Baba ya aike ni sayen gurasa, alhali da gurasa a gidan. Da zan fita na ga Inna ta shige madafa ta buɗe famfo, ta tsaya tana kallon ruwan yana zuba. Ba a taɓa faɗin sunan garin nan a gabana ba. Baba ya rasu bayan shekara huɗu, faifan ya zauna a wurin Sadisu, guda ɗaya, babu kwafi. Kullum sai ya ce zai kwafa in ya tsara shi.

Bara Inna ta fara mantuwa. Ta ɗora shayi ta manta, ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu tun ban zo duniya ba. Likita ya faɗa mana ba ɓoye-ɓoye, abin gaba zai yi ta yi, ba baya ba. A daidai lokacin kuma mutanen Sudan sun ƙaru a unguwa saboda yaƙin da ake yi can, cikinsu har da masu jin Hausa. Wata Talata Inna ta shiga maƙwabta gaisuwa, ta tarar da wata tsohuwa baƙuwa da ta ce ta san ƙauyukan Hausawa na yammacin ƙasarsu kaf. Inna ta dawo gida ko mayafi ba ta cire ba, ta riƙe min hannu.

"Maijidda, ina muka bar Baraka?"

Na ce, "Inna, ai ke za a tambaya."

"Ya tafi. Sunan garin ya tafi, da sunan matar da na ba wa ita. Jiya ina da su." Ta ƙara matse min hannu. "Yana cikin abin Sadisu. Ki ce ya duba min, in tambayi baƙuwar nan tun ina iya tambaya."

Tun tana iya tambaya. Ita da kanta ta san abin da ke tafe. Na wuce shago a guje, na faɗa masa.

"Fayil na goma sha huɗu ne," in ji shi, ko juyowa bai yi ba. "Kilobait uku da ɗoriya."

"Ba girmansa na tambaye ka ba, Yaya. Sunan garin."

"Ina zan tuna? Ni bugawa nake yi, hankalina na kan haruffa."

Kun ji fa! Ya tuna lambar fayil, ya tuna girmansa, bai tuna inda aka bar yayarsa ba. Ya ce in zo Juma'a, faifan yana gida, sai ya goge bakin injin kafin a sa masa faifai mai shekaru haka. Na ce to, Juma'a kwana uku ne.

Abin da na manta shi ne, Juma'a ranar Lurwanu ce. Lurwanu mutumin Damagaram ne, mai gyaran mukayyif, da igama, wato takardar izinin zama da aiki, ya zo. Shi ma ya tsinci Sakhar a haraj, cutar ta kama shi, sai dai shi ɗan na biyu ne, har da katrij ɗinsa da yake yawo da shi a aljihu. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai su haɗu a ɗakin mai mukayyif, su kafa shayi, su yi ta musu har magariba. Manya da gemu, wallahi, ɗaya da furfura.

Na shiga da takarda da biro a hannuna. Faifan Baba yana kan tebur. Aikin minti biyar ne: a sa, a buɗe na goma sha huɗu, a karanta min, in tafi. Amma na tarar Lurwanu ya riga ya tsokano shi, ya ce ai mutanen na ɗaya tsoron na biyu suke yi don ba su iya shi ba. Sadisu ya miƙa hannu.

"Kawo katrij ɗin naka in nuna maka yadda ake aiki da shi."

Ya cusa, ya kunna. Ya ɗauki faifan Baba, ya zame ɗan makullin da ke hana a yi rubutu a kansa, wanda shekara talatin da uku ba a taɓa ba.

Na ce, "Yaya, karanta min tukuna."

"Ki bari a tsara, ke komai gaggawa."

Ya yi jaka uku, Najeriya, Chadi, Sudan. Ya kwashe garuruwan Baba ɗaya bayan ɗaya ya zuba kowanne a jakarsa, yatsunsa na rawa a kan allo, yana satar kallon Lurwanu. Da ya gama ya jingina da kujera kamar wanda ya gina masallaci. Shi kuwa Lurwanu, Allah Ya shirye shi, maimakon ya yi shiru sai ya kurɓi shayi ya ce, "To ka ga amfanin jaka ke nan, Malam Sadisu. Barka da shigowa."

"Amfanin me? Shigowa ina?"

Daga nan ban ƙara gane komai ba. Wannan ya ce memori, wancan ya ce sauri, aka koma Larabci, aka dawo Hausa, aka tabo Damagaram, aka tabo mutanen da aka haifa a Makka ba su san komai ba sai fankama. Ina ta cewa ku bari a karanta min, ba wanda ya ko kalle ni. Sai Sadisu ya kashe injin, ya fizge katrij ya cilla wa Lurwanu a cinya.

"Ɗauki tsiyarka! Shekara talatin ina aiki ba da ita ba. Khalas, shi ke nan!"

Lurwanu ya sa takalmi ya fita, ko sallama babu. Sadisu ya sake kunna injin da na ɗayansa abin ƙaunarsa, ya ce yanzu zan ga aiki. Ya buga, ya jira. Ya sake bugawa. Na ga bayan wuyansa ya jiƙe duk da sanyin ɗakin. Na ɗaya bai san jaka ba, bai iya shiga cikinta ba. Wannan shi ne abin da ya shekara talatin yana yi wa mutane wa'azi a kai, kuma shi ne ya manta. Garuruwan Baba suna cikin faifan, amma injin ba ya kaiwa gare su.

Na ce, "Bi shi. Bai kai bakin titi ba."

"Ni? In bi Lurwanu?"

"To ba ni lambarsa."

"Zai dawo da ƙafarsa. Juma'a mai zuwa za ki gan shi."

Bai dawo ba, ba wannan Juma'ar ba, ba ta gaba ba. Da kyar na samo lambarsa wurin wani mai shayi ɗan ƙasarsu. Da na kira, daga Damagaram ya ɗauka. Ashe kwantiraginsa ya ƙare, dama kwanakinsa na ƙarshe ke nan, ya kai injinsa da katrij ɗin haraj ɗin Jidda ya sayar kafin ya hau jirgi. Da na faɗa masa abin da ke cikin faifan, sai ya yi salati. Ya ce, "Hajiya, don Allah ki yafe min, ban sani ba. Bai faɗa min ba. Amma abin da sauƙi, ku sami kwamfutar zamani da abin karanta faifai, a fito da su daga jakar, shi ke nan."

Na kai wa Sadisu wannan magana da murnata. Ya dube ni kamar na ce a yanka faifan a miya. Wai abin karanta faifai na zamani na banza ne, zai iya cinye faifai mai shekaru irin wannan, kuma in ya cinye shi ke nan. Wataƙila da gaskiyarsa a nan, ban sani ba, ni mai turare ce. Abin da na sani, wanda ya zame makullin faifan don ya burge mai gyaran mukayyif ba shi da bakin yi min wa'azin tsantseni. Ya saka faifan a akwatin ƙarfen Baba ya kulle, makullin a aljihunsa har masallaci. Na yi kuka, na yi zagi, na turo masa limamin unguwa. Ya ce wa liman in sha Allahu, ya raka shi bakin ƙofa.

Ya ce zai yi odar katrij daga waje. Na ce alhamdu lillahi, yi yau. Ashe nan ma akwai zaɓi. Akwai na biyu tsoho na asali, akwai kwaikwayonsa da wasu ke haɗawa a gida, akwai kuma wani sabo da masu irin cutarsa suka gina a kan na biyun, wanda har katin memori irin na waya yake karantawa. Kowanne cikinsu zai buɗe jakar, shi da bakinsa ya faɗa. Amma wanne ya fi? Ya yanko kwalin firiji ya manna a bangon shago, ya ja layuka, ya rubuta sunayensu a sama, yana cike gurabe da jan biro da baƙi. Wannan ya fi sauri amma ba na asali ba ne. Wancan na asali ne amma yana cin memori. Yana rubuta wa wasu mutane a ƙasashen da bai san inda suke ba, yana jiran amsa, in amsa ta zo ya ce mai amsar jahili ne. Sati shida yayana yana auna katrij uku.

A sati shidan nan kullum da safe yana shigowa gaida Inna, don a nan kam ba ya fashi. Da farko takan ce, "Sadisu, ka samo min sunan?" Ya ce saura kaɗan, Inna. Bayan kwanaki ta koma cewa, "Ka samo abin?" Daga baya sai ta ce, "Akwai abin da na ce ka samo min, ko?" Ya ce e, Inna, yana hanya. Sannan ta daina tambaya, sai dai ta bi shi da ido har ya fita. Baƙuwar maƙwabta kuma 'ya'yanta suka zo suka tafi da ita Madina.

Ranar da na ga Inna ta daina tambaya na je shago na yage kwalin nan gida biyu a gaban masu kawo gyara. Na ce in bai yi oda yau ba, wallahi da taɓarya zan shiga ɗakin mai mukayyif. Ya san ni, ya yi. Sabon ya zaɓa, bayan duk zagin da ya yi masa. Kayan suka faɗa cikin cunkoson aikin Hajji, suka ƙara sati bakwai.

Ranar da katrij ɗin ya iso, minti huɗu aikin ya ɗauka. Na duba agogo don in san abin da zan riƙe a zuciyata. Sadisu ya ce ba za a kwafa a takarda ba, sai Inna ta ji daga injin kamar yadda Baba ya faɗa. Ya kinkimo injin da talabijin ya kawo ɗakinta bayan la'asar, ya jona wayoyi, yana ta surutu.

"Kin ga saurinsa kuwa, Maijidda? Da tsohon na saya, da yanzu muna nan muna jira."

Na tayar da Inna zaune, na sa mata matashi a baya, na gyara mata kallabi. Fayil na goma sha huɗu ya fito, fararen haruffa a kan shuɗi. Sadisu ya gyara murya ya fara karantawa, kuma tun layi na biyu muryar ta sauka, don maganar Baba ce sak, har da yadda yake jan numfashi.

"Muka sauka Hillar Jatau, tafiyar kwana biyu kafin Fashir. Baraka tana da shekara uku, ƙyanda ta fito mata. Mai mota ya ce ba zai ɗauke ta cikin mutane ba, kuma ba wata motar sai bayan damina. Muka bar ta a hannun Tasalla, matar Ɗan'azumi majemi. Iyatu ta kwance zanenta na sama ta rufa mata. Na ce wa yarinyar wata uku za mu dawo. Ni na faɗa, Iyatu ba ta faɗa ba. Mun aika takarda sau biyu, amsa ba ta zo ba. Allah Ya yafe mini."

Na rubuta Hillar Jatau, na rubuta Tasalla. Na juya wurin Inna. Ta saurara tsaf, kanta a karkace, kamar yadda take sauraron labarin mutane a rediyo.

"Allah sarki," ta ce. "'Yar waye?"

Ta dubi Sadisu, shi da ya karanta, ta tambaye shi cikin ladabi irin wanda take yi wa baƙi.

"Malam, an koma an ɗauko ta kuwa?"

Na ce, "Amsa mata, Yaya. Kai ne mai amsar komai."

Ya juya ga talabijin ɗin, ya sa yatsa ya gangara ƙasa ko akwai sauran rubutu. Babu, fayil ɗin ya ƙare a nan. Inna tana ta jira, har ta gaji ta ce a ba ta ruwa.

Takardar tana cikin jakata. Duk wanda ya tsaya sayen turare na ji harshensa na Sudan ne, sai na karanta masa sunayen biyu, har yau ban sami wanda ya sani ba. Sadisu kuwa ya liƙe kwalinsa da salatif ya mayar bango. Har yanzu yana shigowa gaida Inna kullum da safe, ita kuma tana ce masa sannu da zuwa, Malam.